Baƙin Inabi da Tukunyar Inna

A gidanmu ba a yin Babbar Sallah ranar da duniya ke yi. Ranar goma ga wata, lokacin da mutane ke yanka raguna suna sa sabon kaya, ni ina cikin bas tsakanin Muzdalifa da Mina, ƙafa a kan birki, ido jajur, alhazai na yi mini ihu da harsunan da ban san kansu ba. Shekara ashirin da ɗoriya ina wannan aikin. Kafin ni Baba ya yi nasa, shi dakon kayan alhazai ya yi tun zuwansa ta Sudan. Duk namijin gidanmu da ya isa ɗaukar jaka, kwanakin Hajji ba ya kwana gida. Saboda haka tamu Sallar sai ranar sha huɗu, in alhazai sun fara watsewa, mun yi wanka mun rama barci.

Da ina saurayi, abin da ke sa ranar nan ta zama Sallah a wurina ba nama ba ne. Nama a lokacin har gundurar mutum yake. Ruwan inabin Baba ne. A shekarun nan Hajji na faɗowa tsakiyar zafi, daidai nunar inabi. Kafin a fara aiki Baba zai hau Ɗa'ifa, garin kan dutse mai gonakin inabi, ya sauko da akwatuna, ya dire su a gida, mu wuce Mina. In mun dawo sai mu tarar da randa cike da wani abu ja mai duhu, mai sanyi, mai zaƙi da ɗan tsami a ƙarshe, wanda in ka haɗiye kana jin sa har bayan kunne. Baba ke zama gefen randar da ludayi yana zuba wa kowa, yana faɗin yadda ya zagaya gonaki, yadda ya zaɓa, yadda wani manomi ya so ya cuce shi bai samu ba. Shi ya sa muke ce masa ruwan inabin Baba. Ni sha kawai nake, ban taɓa tambayar komai ba.

Sai wata ya ja baya kamar yadda ya saba, Hajji ya bar lokacin inabi ya shiga sanyi. Abin ya tsaya. Baba ya yi ta lissafi da yatsu, yana cewa in Allah ya kai mu ya zagayo zai sake hawa. Ya rasu saura kaɗan ya zagayo.

A shekarar da ya rasu na kwashe iyalina daga tsohon gidanmu na unguwar Tandabawi na koma Ka'akiyya, can gefen Makka. Haya ta fi sauƙi, kuma akwai inda mutum zai ajiye mota. Na bar Inna wurin Yayana. Ba ta ce kar in tafi ba. Amma shekara shida ba ta taka ƙofar gidana ba, ko sau ɗaya. In na yi magana ta ce gwiwa, ko ta ce can ai daji ne, ba a jin kiran sallar Harami. Gwiwar nan kuwa ita ke sauka da hawa matattakalar Tandabawi kullum. Ni ba yaro ba ne, in na ga fushi na san shi. 'Ya'yana mata uku suka girma suna tambaya ta me ya sa kakarsu ba ta san ɗakinsu ba.

To, ana saura mako biyu Hajjin da nake ba da labari, na je gaishe ta. Yaya ya kawo lemon kwali, irin wanda yake jibga mana kowace Sallah. Inna ta kurɓa ta ajiye, ta ce rabonta da abin sha mai ɗanɗano tun ana hawa Ɗa'ifa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce ai lokacin ya zagayo, inabi na nan ya nuna, ni zan hau in kawo. Amma da sharaɗi: a gidana za a yi Sallar bana, kuma ita za ta fara sha.

Yaya ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce mutumin da shayin tasha ya ƙone wa harshe shi zai zaɓi inabi, in aka ba ni ruwan batir ma cewa zan yi a ƙara sukari. Inna ba ta yi dariya ba. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kawo mu gani," ta ce.

Wallahi na sauko matattakalar nan kamar ɗan shekara ashirin. Ni da bayana ke ciwo in na sunkuya ɗaure takalmi. Kwana goma ba ni da wata magana sai inabi. Matata har ta gaji, ta ce in na sake ce mata Ɗa'ifa za ta zuba mini gishiri a shayi.

Ranar biyar ga wata muka tashi bayan sallar asuba, ni da ƙanin matata. Shi ke da wanet, akori-kurar nan da yake dakon kayan gini da ita. Ƙaton mutum ne mai tumbi, kuma ciwon suga ya kama shi, shi ya sa ba ya aikin Hajji. Sai da muka fita gari na tuna cewa na ɗauko mai ciwon suga ya taya ni ɗanɗana inabi. Na gaya masa, ya ce kar in damu, ya haɗiye ƙwaya biyu maimakon ɗaya, yau ko likitan da kansa ya tare hanya sai ya bi ta kansa.

Muka kama hanyar Hada. Na sha bin ta da bas, amma direba ba ya kallon komai sai kwalta. Ranar nan ina gefe, hannuna a waje. Lanƙwasa bayan lanƙwasa, dutse na tashi, Makka na nutsewa a baya cikin zafinta. Can sama na ce ya kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, muka sauke gilashi, iska mai sanyi ta shigo, irin wadda mu a ƙasa sai mun saya da kuɗin wuta. Birai na zaune bakin hanya kamar masu jiran albashi. Ya tsaya zai ɗauke su hoto, wani babba ya miƙo hannu ya fizge ledar burodinmu ya haye dutse. Ya ce ga ɗan'uwana can ya karɓi rabonsa. Na ce in kamanni ake bi, ya duba madubi. Na yi dariya ranar nan har haƙarƙarina ya yi ciwo, na manta rabon da in yi irinta.

Duk abin da Baba ke faɗa a gefen randa yana kaina, ban san ma na riƙe ba sai da na tsaya ƙarƙashin rumfar inabi. Kar ka ɗanɗana na saman nono, wannan kowa ya san ya nuna. Tsinko ƙwayar can ƙasa, in ita ta yi zaƙi to sauran sun yi. Duba tsinken da ya riƙe nonon, in kore ne yau aka yanka, in ya bushe ƙarya ake maka. Farin garin nan da ke kwance a jikin fatar ba datti ba ne, shaida ce hannu bai jagwalgwala shi ba. Kuma ka duba inda zanzaro suka taru, su ba a yi musu ƙarya.

Gonar farko fari ne, dogaye kamar yatsa, ana hango 'ya'yan ciki in ka ɗaga shi ga rana. Na tsinko na ƙasa na tauna. Zuma. Na dubi ƙanin matata, shi ya riga ya cika baki, ruwa na bin gemunsa. Mai gonar ya ga yadda nake juya nono ina duba tsinke, ya tambaye ni ko ɗan kasuwa ne ni. Na ji daɗin wannan tambaya fiye da yadda ya kamata. Na ɗauki akwati shida.

Gona ta biyu ja ne, zagayayye, mai ƙamshi, in ka ciza yana ƙara a baki. Nan zanzaro suka yi yawa, har ɗaya ya harbi ƙanin matata a wuya, ya ce ga shaidar da Babanku ke nema, a wuyana aka buga hatimin. Na ɗauki biyar. A raina na gama haɗawa: farin ya ba da zaƙi, jan ya ba da launi da ƙamshi. Ina ganin Inna da kofi a hannu a falona, ina ganin fuskar Yaya.

Da mun juya daga nan. Amma a ƙarshen kwarin akwai wata 'yar gona da katangar dutse, wani tsoho na zaune a inuwa, ya ɗaga mana hannu. Ba a wuce tsoho in ya ɗaga hannu. Muka sauka, ya zuba mana gahawa, ya ajiye mana nono guda a faranti. Baƙi ne, ƙanana, fatarsa da kauri, 'ya'ya cike. Na tauna. Da zaƙi, amma a ƙarshe sai ya kama maka harshe. Ƙanin matata ya juya baya ya tofar, ya ce mini da Hausa wannan ko birin ɗazu ba zai sata ba.

Tsohon ya ji harshen, ya tambaye mu ko daga Makka muke. Ya ce shekarun baya, wancan zagayen da Hajji ya zo da zafi, mutanenmu kan hawo kafin Arfa, kuma wannan baƙin suke ɗauka. Na ce Allah sarki, a raina ina cewa ai talauci ne, lokacin ba su da na sayen mai kyau. Ya tambaye ni yaushe za a sha. Na ce ranar sha huɗu. Ya ƙirga da yatsu. Ya dubi akwatunan da ke bayan mota, ya dube ni.

"Akwai mai tukunya a gidanka?"

Na ce masa muna da injin markaɗe sabo fil, na lantarki. Ya shafa gemu. Sai ya ce in ɗauki akwati huɗu na baƙin. Ban so ba. Amma na sha gahawarsa, ga furfura, kunya ta hana ni musu. Muka loda su can ƙarshe, ƙanin matata na gunaguni wai an ɗora wa tayarsa nauyin banza.

Washegari gidana ya koma masana'anta. Ni da matata da 'yan matan muka wanke fari da ja, muka tsinke, muka markaɗa, muka tace da farin ƙyalle. Injin ya yi zafi sau uku muna jira ya huce. Ni ne mai ɗanɗano. A ƙara ja. A'a, ya yi yawa, a ƙara fari. Na sha har cikina ya yi ƙugi. Da la'asar mun cika sababbin jarkoki biyu, manya, masu shuɗin murfi. Daɗi kam ba a magana. Sai dai ba ɗanɗanon Baba ba ne, babu duhun nan, babu abin nan na bayan kunne. Na ce wa kaina ai kwanakin da yake yi a ajiye ne ke kawo wannan.

Matata ta ce a sa a firji. Ko ɗaya ba ta shiga, ko an cire duk kwanukan ciki. Ta ce to a rarraba a kwalabe a kai gidajen maƙwabta. Na ce ba na son kowa ya sani kafin ranar. Na ce mata Baba bai mallaki firji ba lokacin, kwana tara abinsa ke yi, ba abin da ke samun sa. Ta ce ita ba ta nan lokacin, amma hankalinta bai kwanta ba. Na ce hankalinta bai taɓa kwanciya ba tun da na aure ta. Na ɗaure murafen tamau, na tura jarkokin ƙarƙashin bene. Baƙin kuwa ban ko taɓa shi ba, na ce a shigar da shi ɗakin mukayyif, yara su ci, abin da ya rage a ba maƙwabta.

In faɗi gaskiya a nan, tun da na ɗauki biro. A aji huɗu na bar makaranta. A Makka aka haife ni, a nan na yi furfura. Ban taɓa ganin giya da idona ba. Na ɗauka a wata masana'anta ake haɗa ta da magunguna, can ƙasashen da ake sha. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa ruwan inabi in ka rufe shi ka bar shi cikin zafi, shi da kansa ya san hanya.

Ranar bakwai na tafi aiki da farin ciki. Har waƙa nake a mota.

Ranar Arfa bayan la'asar, mun jera motoci muna jiran rana ta faɗi, ina zaune a inuwar bas da wani tsohon direba Basudane, wayata ta yi ƙara. Matata ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Baban yara, jarkokinka suna numfashi."

Na ce wane irin numfashi. Ta ce tun jiya take jin wani tsii a ƙarƙashin bene, ta ɗauka gas ne. Yau ta leƙa ta ga sun kumbura sun yi kamar ciki wata tara. Ta ɗan murɗa murfin ɗaya, ya tashi sama ya bugi silin, kumfa ta wanke ta har ɗankwali. Yanzu duk matattakala wari take, kamar ƙullun da ya kwana uku, kuma maƙwabcinmu na sama ya sauko sau biyu yana shaƙar hanci.

Na ce ta riƙe, na juya na kwatanta wa Basudanen. Ya tambaye ni kwana nawa, a ina na ajiye, na dafa ko ban dafa ba. Da ya ji amsa sai ya kwanta a jikin taya yana dariya, hawaye na zuba. Da ƙyar ya iya gaya mini sunan abin da na haɗa.

Na miƙe zumbur. Ranar Arfa. A Makka. A ƙarƙashin benena. Mutane miliyan na kewaye da ni hannu sama suna kuka suna roƙon gafara, ni kuma ga abin da na girka a gida. Na ce wa matata ta tuttular da su duka a bayi yanzu-yanzu, ta wanke wurin da omo, ta kunna turaren wuta, ta yar da jarkokin nesa. Na ce kar ta gaya wa kowa, musamman Yaya. Ta ce to Inna fa, me za a ba ta ranar sha huɗu? Na ce ban sani ba. Na kashe wayar.

Na yi istigfari iya iyawata. Basudanen ya ce ba laifi a kaina tun da ban nufa ba kuma ban sha ba, na san haka, amma ba shi ke cin raina ba. Babu hanyar komawa Ɗa'ifa, ina kan aiki har sha uku. Zan je Tandabawi hannu rabbana, Yaya ya fito da lemon kwalinsa, Inna ta dube ni sama da ƙasa. Shi ke nan, wata shekara shidan.

Da safiyar Sallah, gari ya waye a Muzdalifa, ina tsaye bakin mota ina jiran alhazaina su gama tattara tabarmi da tsakuwoyinsu, sai ga lambar matata. Na ɗauka da shirin faɗa.

"Kai, gas ɗinku ya ƙare. A ina ake sayowa a wannan dajin naku?"

Na cire wayar daga kunne na dubi lambar. Na mayar.

"Inna? Kina ina?"

"Ina inda ka ce in zo."

Na jingina da jikin motar. Ta ce in ba ni da amsa in ba ta hanya, tana da aiki a wuta. Na gaya mata shagon da ke bayan masallaci. Ta kashe. Wani alhaji ɗan Indunusiya ya zo ya dafa ni yana tambaya da hannu ko lafiya, don ya ga ina dariya ni kaɗai ina share ido. Ranar nan cunkoson Mina bai dame ni ba ko kaɗan. Wanda duk ya zage ni na ce masa Allah ya karɓa.

Sauran labarin daga baya na ji. Matata ta zubar da jarkokin kamar yadda na ce, amma maganar kar ta gaya wa kowa ba ta ko saurare ta ba. Ranar Arfa matan Makka Harami suke tafiya, don ranar ce kaɗai yake zama fili, alhazai duk sun fita, maza duk suna aiki. Inna ba ta taɓa fashi ba. A can wayar ta same ta. Matata ta ce ta zaci salati da faɗa, amma tambaya ɗaya Inna ta yi: akwai wanda ba a markaɗa ba, kuma wane launi? Da ta ji baƙi ne, akwati huɗu, sai ta ce kar a bar yara su ƙara taɓa ko ƙwaya ɗaya, a kira mai wanet. Ya same ta a Tandabawi ta sa an sauko da wata ƙatuwar tukunya daga saman soro, da muciya, da randar Baba. Ta shiga gaban mota ta ce ya ja.

Ranar sha uku da yamma na iso gida, ƙafafuna sun kumbura, rigata ta yi tauri da gumi. Tun daga ƙofar gini ƙamshin ya tare ni. Na tsaya a matattakala na riƙe ƙarfe. Shi ne. Shekara talatin ban ji shi ba, amma shi ne.

Na tarar da ita a kicin kan 'yar kujera, 'yan matan sun kewaye ta, hannuwansu duk sun rine. A kan kanta kwalabe ne jere, cike da wani abu baƙi mai kauri kamar zuma. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta ce in tashi ina wari.

Ita ta nuna mini, da muciyar a hannu. A jikinta akwai tsaga biyu da aka yi da wuƙa, sun yi baƙi don tsufa. Ranar da Baba ya dire akwatuna ya juya, ranar take farawa, ita da ƙannena mata. A matse da hannu, fata da komai, a tace, a zuba a tukunya har ruwan ya kai tsagar sama. A yi ta dafawa ana kwashe kumfa, da 'yan ƙwayoyin kanumfari, har ya sauko tsagar ƙasa, kashi biyu sun tafi saura ɗaya. Wannan ko wata nawa zai yi ba ya juyawa. Ranar sha huɗu da safe a sirka da ruwan sanyi a randa. Ta ce farin ba ya jure wuta, zaƙi kawai yake bari kamar alewa, baƙin nan mai kama harshe shi ke fitowa da ɗanɗano. A saman soro take yi, da itace, cikin ranar da ke narka kwalta, mu muna Mina.

"Ubanku ya iya zaɓe, ban hana masa ba," ta ce. "Amma har ya koma ga Allah bai san tsagar nan nawa ce ba."

Na ce to me ya sa da na ce zan hau ba ta gaya mini ba.

"Ka tambaye ni?"

Babbar 'yata ta ƙunshe baki. Matata ta juya tana wanke abin da ya riga ya wanku.

Ranar sha huɗu gidana ya cika har matattakala. Ƙannena da mazansu da 'ya'yansu, Yaya da iyalinsa, har maƙwabcin sama mai shaƙar hanci na gayyato. An shimfiɗa leda daga falo har baranda, ga shinkafa da nama, ga tuwo da miyar kuka don Inna. Randar na kusurwa, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Da aka gama ci kowa ya juyo yana kallona, don mai gida ke riƙe ludayi. Na ɗauka, na ja kujera gefen randar, na kamo hannun Inna na zaunar da ita, na sa mata shi a hannu. Ta ce meye haka, gwiwarta. Na ce ba da gwiwa ake zubawa ba.

Ta zuba wa kanta tukuna, kamar yadda muka yi sharaɗi. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Ta ce kanumfari ya ɗan yi yawa. Sannan ta shiga zuba wa mutane.

Yaya ya sha rabin kofi ya tsaya. Ya daɗe yana kallon cikin kofin. Ya miƙa a ƙara masa, bai yi maganar harshena ba. Can ya tambaya wace gona ce. Ƙanin matata ya buɗe baki, na ga jarkokin nan biyu na tahowa a kan harshensa, Inna ta dube shi, ya mayar da bakin ya rufe.

"Shi ya zaɓo," ta ce, tana nuna ni da ludayi. "Baƙi, daga ƙarshen kwari."

Ba a yi kwana biyu ba ƙaton nan ya fesa wa Yaya komai, har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni ya masana'anta. Ya yi ta yi. Ni ranar na sha kofi huɗu, na zauna ƙasa jingine da bango kusa da kujerarta, ina jin sa a bayan kunne.

Da magariba Yaya ya tashi, ya ce a fito da tukunya da randa a sa a mota, Inna ta shirya. Ta ce a bar su nan, wa zai sake hawa da su matattakalar Tandabawi, kuma baɗi ma ai da zafi Hajji zai zo. Ita kuma ba yau ba, ƙaramar 'yata ta ce za ta yi mata lalle, sai ya kama tukuna. Lallen nan sai da ya kai mu ƙarshen wata. Kullum da asuba sai ta yi mitar ba ta jin Harami, ladanin unguwarmu kuma wai muryarsa kamar ana jan buhu.

Ran da zan mayar da ita, ta tsaya a ƙofar kicin ta nuna muciyar da ke rataye a ƙusa. Ta ce baɗi akwati takwas, baƙi zalla, kuma in hau tun ranar uku ga wata, don in dawo da sauran kwana a hannuna. Na ce me zan yi da sauran kwana. Ta ce ni zan juya tukunyar.